Yaran da Suka Sunkuya Miki

Assalamu alaikum Yaya Hafsa,

Ina gaisuwa. Ya sanyin Japan, ya ɗalibai? Umma da kowa lafiya, alhamdulillahi.

Kaka ta ga bidiyon ajinki na Turanci, yara suna sunkuya miki. Ranta ya ɓaci, ta ce, "Ruku'u ga mutum? A dawo da ita Madina!"

Yaya, na so in yi shiru ki dawo. Na tuna yadda kike koya mini Turanci a hanyar Masallacin Ƙuba, muna cin dabino. Amma na ce, "Kaka, gaisuwarsu ce. Ba kin ce a Kano durƙusa wa manya ake yi ba?"

Ta yi dariya ta ce, "Halas, ta zauna."

Kin ga da bakina na jawo wata shekarar babu ke. Ki sa ni a addu'a, ki gaishe mini da yaran.

Ƙanwarki,
Maryam