Abin da Ke Ƙarƙashin Zannuwanki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara, matar marigayi Malam na Kara.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji, kabarinki a yalwace. Mu nan lafiya lau, sai kewarki. An yi sadakar arba'in, mutanen Gude sun zo, na Gwarzo ma ba su yi ƙasa a gwiwa ba.

Dalilin wannan takarda shi ne adakarki. Ranar Asabar da hantsi za a raba gado, kuma Yaya Habibu ya ce a fito da komai tsakar gida gaban malamai, har tsintsiya. Makullin adakar yana wuyana tun ranar da kika rataya mini shi a gadon asibiti, kika ce, "Ki riƙe, kada wancan ya gani."

Wancan. Har kika koma ga Allah ban taɓa jin sunan Yaya a bakinki ba. Ɗan fari ne, kunyarsa kike ji irin ta mutanen da. Ba kya kiransa, ba kya kallonsa ido cikin ido, ko ya dawo daga tafiya sai dai ki tura ni da ruwa. Mu mun san al'ada ce. Shi ma ya sani, amma ya taɓa ce mini, yana dariyar da ba ta kai ciki ba, "Ke ce 'yar Inna, ni a zaure aka tsince ni."

Kowa ya ɗauka zannuwa ne da tasoshi a adakar. Zannuwan suna nan, guda huɗu a sama. Abin da ke ƙarƙashinsu ne ya hana ni sukuni.

Kin tuna Lantana, 'yar tsanata? Zamanin ostarati ne, lokacin da ake bin layin sabulu da madara, Malam ya hana mu shayi sai ranar Juma'a. Kawu ya zo daga Kano da 'yar tsanar roba ta gwanjo, mai ido shuɗi, in an kwantar da ita ta rufe. Duk Kara babu mai irinta, sauran yara na karan dawa suke goyo. Malam ya dube ta sau ɗaya ya ce abu mai fuska ba zai kwana a gidansa ba.

Ba ki yi masa musu ba. Kika sa cokali a murhu, da ya yi ja kika shafe mata fuska, ido da hanci da baki, ta koma sumul. Na yi birgima a ƙasa har ƙafata ta goge. Kika miƙo mini ita da sauran ɗumi a jikinta, kika ce, "Zaɓi, ko ki yi kuka da ita a hannu, ko ki yi kuka babu ita." Na karɓa. Kwana biyu ban yi miki magana ba, ke kuwa ko a jikinki.

Daga baya ke kika yanko bakin tsohon zaninki kika ɗinka mata riga da ɗankwali. Da muka tashi yi mata biki da angon kara na gidan maƙwabta, ke kika ba mu ƙuli-ƙuli uku a matsayin gara, kika tsaya bakin ƙofa kina rangaɗa guɗa ƙasa-ƙasa don kada ta kai zaure.

Shi kuwa Yaya mota ce haukarsa. Gwangwanin madara ya yi wuya a shekarun nan, sai da ya yi wata yana bin bola a Gwarzo ranar kasuwa kafin ya tara abin da zai isa. Ya ƙera babbar mota ta langa-langa, tayoyin tsohon silifa, sitiyari dogo na waya da yake riƙewa yana tafe. Ya gina direba na yumɓu ya zaunar a ciki, har da hula. A jikin ƙofar ya karce da ƙusa: Habibu Direba. In ya zo wucewa ta ƙofar ɗakinki sai ya ƙara ƙarfin kukan injin da bakinsa, ke kuma ki sunkuyar da kai kan tsintar shinkafa kamar ba ki ji ba.

Ban manta rediyon Malam ba. In ya tafi Gude karatu, sai ki shanya batir a rana, ki ɗauko kaset ɗin waƙar Indiya daga cikin tukunyar da ba a girki da ita. Ni ce mai juya shi da biro don kada batir ya ƙare. Ba ki san ko kalma ɗaya ta yarensu ba, amma kina bi tiryan-tiryan, kina tankaɗe. Katunan cingam masu hoton 'yan fim kuwa, ni nake tarawa, ke kike ɓoyewa, kuma kin fi ni sanin wanda ya ɓata.

Sai shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Ina gida wankan jego na fari. Duk mun yi murna, ni ma na yi kabbara har muryata ta dushe, kuma har yau ban yi da-na-sani ba. Yaya ya dawo daga karatu a Kano da zafinsa, ya ce gidan malamai ne ya kamata ya fara tsarkaka. Bayan la'asar ya bi ɗaki-ɗaki yana tattaro kaset da hotuna da kalanda, ya tsiba tsakar gida. Ke kika ce ɗakinki ke za ki share da kanki, kika fito masa da kaset biyu da suka riga suka tsinke. Da hannunsa ya ɗauko motar nan daga saman rumbu, saboda direban yumɓu, ya jefa kan tsibin ko waiwaye babu.

Ina zaune bakin ƙofa da jaririya, na ga abin da kika yi. Kika ce wa iska, don ba za ki ce masa ba, "Ashanar nan ta jiƙe, a duba ta zaure." Yana ba da baya kika sunkuya, mayafinki ya rufe tsibin, kika miƙe kika shige ɗaki da tafiyar mai ciwon baya. Ya dawo ya zuba kananzir ya ƙyasta. Bai lura ba, kuma daga ni har ke babu wanda ya sake tayar da zancen.

Yanzu bari in faɗa miki laifina. Akwai wani zauren hira a wayar salula na masu tara kayan da. Manyan mutane ne, Inna, masu furfura, wani a Kano, wani a Katsina, wani ɗaki guda ya cika da tsofaffin rediyo. Wannan ya sa hoton fitilar ƙwai, wancan ya sa garmaho, sai a yi ta "Allah sarki da" kamar gidan makoki. Na shiga da sunan 'Yar Kara, don a Kabo inda nake zaune ni Malama Rabi ce, mai koyar da matan aure a Islamiyya, ba a san ni da shirme ba. Tun rasuwarki, duk zuwan da na yi gida sai na kulle ɗakinki na ɗauki hoton abu ɗaya na sa musu. Ranar da na sa kaset ɗinki, wata mata ta ce ta yi kuka a ofis.

Da na sa Lantana, wani Alhaji ya rubuto, "Kash, wa ya lalata ta? Da fuskarta na nan da ta shiga sahun gaba." Raina ya ɓaci ƙwarai. Na rubuta masa amsa mai tsawo, na goge. Ta yaya zan fahimtar da mai jera kaya a gilashi cewa rashin fuskar ne ya sa ta kai yau?

To ga inda na maƙale. In na kwashe kayan kafin Asabar, na taɓa gado kafin a raba, kuma ni ce nake tsayawa gaban mata ina ce musu ko allura ce haƙƙin magada ce. Na so in ce kin ba ni kyauta, amma ba ki ba ni ba, ajiya kika ba ni, kuma ba zan yi miki ƙarya kina kwance ba. In kuma na bari aka buɗe, malaman da suka yi miki salla za su ga kaset ɗin Indiya a adakar matar Malam. Kin san garinmu, kafin azahar labari ya kai Kabo, a ce ga uwar ga 'yar. Yaya yanzu shi ke jan salla a masallacin Malam, ban san inda zai sa fuskarsa ba. Sau uku ina zuwa da buhu, sau uku ina komawa da shi wayam. Abinci ma ba ya yi mini daɗi.

Na gaji, Inna. Na gaji da suna biyu, na gaji da kulle ƙofa kafin in taɓa abin da na yi wasa da shi a gaban kowa ina 'yar shekara takwas. Shi ya sa wannan takarda da sunana na gaskiya zan sa ta a zauren nan na waya, wanda zai gani ya gani.

Jiya na sake buɗe adakar. Ban cire komai ba, ko katin cingam ɗaya. Na ɗauko motar Yaya, wadda kika tsamo daga tsibin nan a cikin mayafinki, na goge mata ƙura. Taya ɗaya ta cinye, hular direban ta gutsure, amma rubutun ƙusar yana nan. A cikin zanin aurenki na same ta a naɗe, wanda ko ni ba kya bari in taɓa. Lantana kuwa, 'yar gatan, a tsumma kika ƙunshe ta. Na daɗe a zaune ina kallon wannan bambanci, har na ji kishi, sannan na yi dariya, sannan na yi kuka.

Ki yafe mini, zan saɓa miki. Kin ce kada wancan ya gani. Shekara hamsin da ɗoriya yana jiran ki kira sunansa, ga shi ashe kin naɗe sunan a zanin aurenki kina kwana kusa da shi. Ba ni da ikon ɓoye masa wannan, ko da za a yi da mu a kasuwar Gwarzo har shekara. Na mayar da komai yadda yake, sai abu ɗaya na canza: motar na ɗora a sama, kan zannuwan. Ranar Asabar shi zan miƙa wa makullin, shi zai ɗaga murfin.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya yafe miki waƙoƙin da kika bi da ashanar da ba ta jiƙe ba. Ya haɗa ki da Malam a Aljanna, Ya sanyaya zuciyar ɗanki in ya gani. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin tsayawa a tsakar gidan nan ban sunkuyar da kai ba. Amin.

Taki har kullum,
Rabi, uwar Lantana.