Makiyayin da ya san om hamsin

Arlit, daren Talata

Na kasa cin tuwo. Agali direba ya zo shagona na gyaran radiyo da la'asar tare da wani baƙo mai rawani, wai ɗan'uwansa ne, makiyayi da fari ya cinye wa raƙuma. Suna son in sa fish, wato kan da ake jonawa, a bakin wayar eriya, wai ta radiyon sadarwa na kamiyon Agali, babbar motarsa mai bin hanyar Assamakka.

Da gangan na jawo wayar talabijin don in gwada baƙon. Baƙon ya ce, "Malam, wannan mai om saba'in da biyar ce. Mai om hamsin muke so, fish kuma irin N."

Makiyayi ke nan, wai har ya san om, ma'aunin waya da sai masu sana'armu suka sani. Kuma radiyon Agali ni na ɗaura shi, fish irin PL yake ci, ba N ba; wannan aikin na wani radiyo ne daban.

Agali ya yi dariya, ya ce, "Kai Badamagare, tsoro zai kashe ka kafin yunwa. Tsohon ma'aikacin kamfanin uraniyom ne, sallamarsa aka yi."

Yana iya zama gaskiya, an sallami da yawa. Agalin nan shi ya yi jinyata lokacin da ba ni da kowa a garin nan. Amma duk sojan Arlit ya san hannuna, yadda nake zuba dalma in naɗe da jan tef na sikoc. Idan aka kama radiyon nan wurin 'yan tawaye, ƙofata za a buga, 'ya'yana kuma suna Zinder suna jirana.

Na ce su dawo gobe. Zan ba Agali fish ɗin kyauta, amma ba zan liƙa ba. Wanda ya san om hamsin ya san kama dalma.