Kwalbar Madara Biyu

Zuwa ga ƙanwata Sachie,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar mijinki, ya gonar tuffa? Ni lafiya lau a Osaka, in ban da ciwon bayan nan da ke ƙirga min shekaruna duk sanda na durƙusa goge gidan wankan da nake aiki. Kada ki damu.

Kin san labaran soyayyar maza biyu da nake rubuta wa mujalla. Edita ta ishe ni: "Kaka, samari muke so, kyawawa!" Ina zan samo su? Sai na ari tsofaffi biyu masu zuwa wanka kullum, Kuwabara da Hori, na rage musu shekaru, na mayar musu da gashi. Amma na manta ban cire madarar ba. In sun fito wanka, Kuwabara kan sayi kwalbar madara biyu, ya tura wa Hori ɗaya yana ce masa wawa.

Jiya sai ga Kuwabara riƙe da mujallar, jikarsa ta nuna masa. Na ce a raina shi ke nan, aikina ya tafi.

"Ke tsohuwa, wa ya ce ki ba ni wannan hancin?" Sannan ya ce ƙasa-ƙasa, "A ƙarshen labarin, me mai sayen madarar ya ce wa ɗayan?"

Na ce ban rubuta ba tukuna.

"To yi sauri. Ƙarshen wata Hori zai koma Sendai wurin ɗansa."

Kin ji fa! Shi ya tsufa yana sayen madara, ni zan nemo masa abin da zai faɗa wa Hori. Ki aiko min tuffa, ki sa ni a addu'a.

Yayarki,
Fumie