Likkafanin Hajiya da Kwatar Layinmu

Zuwa ga Mai Girma jami'in da aka ɗora wa alhakin magudanan ruwa a yankinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri, ya aiki, ya jama'a?

Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da atamfa a kasuwar Adjamé, gidana kuma yana unguwar Treichville, duk a nan Abidjan. Mahaifiyata, Hajiya Dije, tana wurina tun da ƙafa ta gaza mata na ɗauko ta daga Katsina. Saboda ita na rubuto.

Na farko, abin da ya faru. Da Hajiya ta je Makka ta sayo likkafaninta, ta jiƙa shi da zamzam, ta shanya, ta naɗe, kamar yadda tsofaffinmu suke yi. A akwatin ƙarfe take ajiye shi ƙarƙashin gado, don a Katsina nan ne wuri mafi aminci a ɗaki. Ni da na san Abidjan ban ce mata ta ɗaga ba, wannan laifina ne. A daminar bara kwatar layinmu ta cika, ruwa ya shigo ɗaki har gwiwa da rana tsaka. Na goyo Hajiya na fitar, akwati ya kwana cikin ruwan kwata. Sau uku ta wanke farin yadin nan da hannunta, tabon bai fita ba. Ban taɓa jin kunya da tausayi irin na ranar ba.

Na biyu, ranka ya daɗe, ma'aikata suna zuwa yashe kwata, ba mu musu. Amma sai su tara taɓon a bakinta su tafi, motar kwashewa ba ta biyo su. Ruwan farko ya mayar da shi inda aka ciro shi. Kuɗin gwamnati ne ke komawa kwata, mu kuma muna kallo.

Na uku, mun ga aikin magudanan ruwa da aka yi a babbar mahaɗar titunan Indénié, mun yaba. Sai dai ruwa bai san babban titi da lungu ba.

Roƙona shi ne a ware wa ƙananan layuka rabonsu a kasafi, a haɗa yashewa da kwashewa rana ɗaya, a kuma sanar da mu jadawalin aiki kafin damina ta kama. Mu ma za mu hana zuba shara a kwata, na yi alkawari.

Na ce zan sayo wa Hajiya sabon likkafani, ta ƙi. Ta ce wancan ne ya je Makka, da shi za ta tafi, tabo da komai. Abu ɗaya take tsoro, kada ranarta ta zo layin yana cike da ruwa, masu ɗaukarta su rasa inda za su taka.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ja kwanan iyayenka in suna raye, Ya jiƙansu in sun rigaya. Hajiya ma ta ce tana sa ka a addu'a.

Wassalam,
Ɗan Hajiya Dije, Treichville