Rigar da Ta Yi wa Amal Yawa

Glenwood, Greensboro
9 ga Oktoba

Yaya Rakiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, ki miƙa gaisuwata ga Malam da yaran gida. Da ajami na rubuto, don ko ɗana Kabir ya ga hoton takardar a wayata ba zai iya karantawa ba.

Yaya, wata biyar ke nan ina gidan ɗana, amma jikokina ba su san ni ba. In yi musu Hausa su amsa da Turanci, in yi murmushi kamar na gane. Jafaru ƙarami ne, yana hawa cinyata. Amal kuwa, mai shekara bakwai, ina shigowa falo take kwashe littattafanta ta shige ɗaki. Ga bizata za ta ƙare a tsakiyar Nuwamba.

To shekaranjiya ta tarar da ni a kan keken ɗinki ina gyara wa uwarta Ibtissam siket. Ta tsaya ta daɗe, ta je ta kawo hoton malam-buɗe-littafi, ta ce, "Kaka, ɗinka." Kaka fa, Yaya, da Hausa! Ibtissam ta ce wai bikinsu ne na ƙarshen wata, Halowin, yara su sa kayan kwaikwayo su bi gida-gida ana ba su alawa, kusan kamar tashe. Sai dai na ga ƙasusuwan roba rataye a ƙofofin maƙwabta, zuciyata ba ta kwanta ba. Don Allah ki tambayar mini Malam. In babu hali, ban san da wane baki zan ce mata a'a ba.

Allah Ya bar mu tare.
Ƙanwarki, Mero

Kano
12 ga Oktoba

Mero,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, sai ƙafar nan tawa.

Ke dai da tsoro! Malam ya ce shi bai san bikin ba, ba zai yanke hukunci a kan abin da bai gani ba, ki dai guji siffar matattu da aljanu. Ni kuma nawa hukuncin: yarinya ta ce Kaka, tashi ki hau keke. Amma ban da ɓarna irin ta mutanen can. Ki saki tsawo, ki bar mata wurin girma, kamar yadda Inna take mana riga ɗaya ta kai mu Sallah uku. Kuma ki ɓoye sai ranar, a nan daɗin yake.

Ki ci abinci, na ga kin rame a hoto.

Yayarki, Rakiya

Glenwood
1 ga Nuwamba

Yaya,

Sallama da gaisuwa.

Leshin nan ruwan goro da muka saya tare na yanka. Fukafukan da wayar rataye kaya na tayar da su, kwana tara ina jera musu duwatsun ado ɗaya-ɗaya. Jafaru rigar zaki na yi masa, ban sa idanu ba gudun siffar mai rai, shi bai ma lura ba. Ta Amal na ƙara taƙi guda a ƙasa, yatsa huɗu a hannu. Sau biyu Ibtissam tana cewa, "Mama, a gwada mata mana." Na ce kayan biki ba a nuna wa yaro sai ranar.

Jiya da safe na fito da ita. Amal ta yi ihu ta rungume ni, Yaya, har na ji ƙashin bayanta a tafina. Da ta sa, riga tana jan ƙasa. Motar makaranta ta iso, Ibtissam ta ɗage ƙasan da fil a gurguje.

Da hantsi Kabir ya kai ni makarantar, yara suna zagaya fili, iyaye suna ɗaukar hoto. Na hango Amal tana neman mu da ido. Tana ɗaga mana hannu fil ya zame, ta taka rigar, ta kifa da fuska a kan siminti gaban 'yan ajinsu. Leɓe ya fashe, fiffike ɗaya ya karye. Wasu suka yi dariya. Na ruga, ni da ban san rabona da gudu ba. Ta ture hannuna, ta faɗi wata magana da Turanci. Na tambayi Kabir me ta ce. Ya ce, "Ba komai, Mama," yana kallon takalminsa.

Da la'asar ya kai ta kanti a titin Wendover, suka sayo wata 'yar riga shara-shara, daidai jikinta cif. Ni aka bari a ƙofa da kwanon alawa ina ba 'ya'yan mutane. Da za ta wuce ba ta dube ni ba.

Ba laifinki na gani ba. Almakashi a hannuna yake.

Ki sa ni a addu'a.
Mero

Glenwood
13 ga Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Jibi ne jirgina, ki sa a tare ni.

Na wanke jinin, na gyara fiffiken. Na ce wa Ibtissam ta adana rigar, in Amal ta shekara tara za ta yi mata daidai. Ta ce, "Mama, nan ba a maimaitawa. Rigar yini ɗaya ce."

Na dai ninke ta na sa a ƙasan durowarsu. Har yau Kabir bai faɗa mini abin da ta ce ba, ni ma na daina tambaya.

Allah Ya sada mu da alheri.
Mero