Tsagiyar Da Ta Tsinke Ba Taki Ba Ce

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, Ya haskaka makwancinki. Ni ce Asabe, ɗiyarki ta Gusau. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, amma na rubuta. Yaya Lawali zai karanta ta a zauren gidanmu na Bungudu ranar Juma'a, a kuma aika wa dangi na Tsafe da na 'Yandoto. Duk wanda ya ji ya yi haƙuri, da uwata nake magana.

Inna, na yi ƙarya a kanki. Tun daga ranar ban sake zama wuri ɗaya ba. In ina aji ina koya wa yara, hankalina yana gulbi. In na ɗora tukunya sai na ji ƙauri nake tunawa da ita. Bari in faɗa miki tun daga farko, ko da yake kin sha cewa ban iya fara magana daga farko ba.

Duk Bungudu an san Baba da haɗa kukuma. Shi ke zaɓen ƙoƙo, shi ke jan fatar guza a kai, shi ke fere sanda. Makaɗa suna zuwa daga nesa su zauna a zaure suna yabon hannunsa. Ba su san cewa tsagiyar da ke fitar da muryar daga cikin gida take fitowa ba.

Ina ganinki yanzu a gindin darbejiya, kin baje wutsiyar doki a kan faifai. Ki zaro gashi ɗaya, ki ja shi tsakanin leɓɓanki, ki ajiye dama ko ki yar hagu. Ɗaya bayan ɗaya, har la'asar. In kin gama ki ɗaure da jan zare, ki naɗe a tsohon kallabi, ki sa a kwalla. Sau nawa kika ce, "Asabe, zo ki zauna ki gani," ni kuwa in ce zan dawo? Kina ce mini sarkin gaggawa. Ban taɓa zama na ga ƙarshen faifai ɗaya ba.

Kin kuma san dokar Baba. Sabuwar kukuma ba ta barin gidanmu sai an kai ta tsakiyar gulbi an goga. Ya ce sanyin ruwa ne ke tona aikin da ba shi da kyau, fata ta saki ko tsagiya ta tsinke, kuma gara abin ya faru a hannunsa da a hannun mai ita a gaban taro. Shi gwaji yake yi. Mu kuwa ranar biki ce.

Kawu Ɗanjuma, ƙanenki, ya kawo kwale-kwalensa guda biyu. Ke da ƙwaryar fura a cinya, kina yi mana tsawa mu daina leƙa ruwa. Yaya Lawali yana kwarfe ruwan da ke shigowa da ɓallin ƙwarya, yana fesa mini da gangan. Kawu ya kafa gora a tsakiya ya tsayar da jirgi, kowa ya yi shiru, Baba ya shafa ƙaro ya fara gogawa. Ba ya duban kowa sai ke. In kin gyaɗa kai, an gama, sai a buɗe fura. Akwai ranar da kika ƙi gyaɗawa, ya yi ta gogawa har gumi, ashe zolayarsa kike yi. Kawu ya yi dariya har ya kusa kifar da mu.

Tun da kika tafi bara, Baba bai taɓa ƙoƙo ba. Makaɗa suka zo ta'aziyya, suka dawo da roƙo, ya sallame su. Ya wuni a kan buzu yana kallon bango. Tuwo ya kwana a kwano. Mutumin da ke yi mana faɗa in mun taka masa wuƙa, yanzu jikoki suna wasa da kayan aikinsa ba ya ko ɗaga kai. Wannan shirun ya fi ba ni tsoro a kan komai, Inna. Da wahalar man nan da ake ciki, kowane mako sai na nemi mota na zo, kowane mako in tarar ya ƙara ramewa.

Na ce masa ya haɗa ko guda ɗaya. Ya ce, "Da wace tsagiya? Mai zaɓen ta tahi."

Daga nan shaiɗan ya shiga kaina. Na je Tsafe bikin suna a gidan ɗiyar Goggo Hauwa, ƙanwar Baba, na zame na shiga kasuwa. Na tarar da mai sayar da kayan doki yana da wutsiya, doguwa, baƙa wul, tana sheƙi. Ban tambaye shi komai ba, ban san ma akwai abin tambaya ba. Na ga ta yi kyau, na ɗauka. A Gusau na wanke ta da sabulu saboda wani ɗan zarni da take yi, na shanya, na taje, na ɗaure da jan zare yadda kike yi. Na naɗe ta a kallabinki mai ruwan ganye wanda ya zo rabona. Da na zo gida na shiga ɗakinki, na sa a kwalla, na fito da ita a hannu ina cewa, Baba, dubi abin da na tsinta cikin kayan Inna.

Da kin ga fuskarsa. Ya karɓa da hannu biyu. Bai kwance ba, bai duba ba, don a shekara arba'in bai taɓa duba abin da kika ɗaure ba. Ya ce, "Ashe ta bar mini." A ranar ya ci tuwo. Na koma Gusau ina jin kaina gwana, har ina ba maigidana labari cewa na san maganin tsohon nan.

Mako uku yana aiki. Ya aika aka nemo fatar guza, ya watsar da ƙoƙo huɗu kafin ya yarda da ɗaya. Ya ce wannan ba ta sayarwa ba ce, ta gida ce, tunda ita ce ta ƙarshe da hannunki ya taɓa. Na ce a raina gashi ai gashi ne.

Ranar gwaji gulbi yana cike, ruwan damina bai fara ja ba. Kawu ya liƙe jiragen, aka cika su: ni da yarana, Yaya Lawali da iyalinsa, Goggo Hauwa da ta zo takanas daga Tsafe. Mutanen unguwa suka tsaya a bakin gaɓa, don labari ya zaga cewa za a ji tsagiyar Inna ta ƙarshe. Ni na riƙe furar. Wurinki Baba ya hana kowa zama.

Kawu ya kafa gora. Baba ya yi bisimilla ya fara. Wallahi ta yi murya, Inna, ta yi murya har Kawu ya juya baya yana share ido. Sai na ji ƙas. Gashi ɗaya ya tashi ya lanƙwashe. Baba ya ci gaba. Ƙas, wani. Sai biyu tare, sai uku. Muryar ta shaƙe, ta koma kamar kukan ƙofa. Ya tsaya yana kallon gashin sun barbaje a kan fatar.

Bai ce tsagiya ba ta da kyau ba. Hannunsa ya ɗaga yana dubawa. Ya ce, "Ni na ja ta da yawa. Abu guda ta bar mini, na tsinka shi. Hannun ga ya mutu." Goggo Hauwa kuwa, kin san bakinta, ta ce don ta lallashe shi, "A'a Yaya, ba kai ba ne. Ai ita ma marigayiya idonta ya yi rauni a ƙarshe, wa ya san abin da ta ɗaure." Kan ruwa magana tana tafiya. Har na bakin gaɓa sun ji.

Ina zaune da ƙwaryar fura a cinya. Ni da ake cewa ba a riga ni magana, ranar bakina ya yi nauyi. Aka juya jirage, ba wanda ya sha furar. Da muka sauka Kawu ya tsinci gashi ɗaya a cikin jirgi, ya shinshina, ya dube ni. Ya ja ni gefe ya ce, "Wagga ta goɗiya ce. Fitsari na jiƙa ta kullum, ba ta da ƙarfi, da ta ji sanyi sai ta tsinke. Yayata ko a makance ba ta ɗaure ta goɗiya." Ya ɗauki gorarsa ya tafi.

Kwana goma sha ɗaya na yi a Gusau ina kai da kawowa. Yau in ce gobe zan je, gobe in ce babu mota. Sau biyu na isa tasha na juyo. Ina tsoron in faɗa masa ya gane cewa ba ki bar masa komai ba, abin ya ƙarasa shi. Ina tsoron in yi shiru ya tafi kabari yana zargin hannunsa. Saƙon Yaya Lawali ya zo cewa Baba ya tattara kayan aikinsa a buhu ya ce a kai wa wani a Furfuri, kuma ko kunu ba ya sha. Ya ƙara da cewa a bakin rijiya mata suna ta maimaita maganar Goggo, wai aikin Inna ya lalace kafin ta rasu. Ke da kika yi shekara arba'in ba a taɓa dawo da kukuma gidanmu ba. Wannan ita ta tashe ni.

Na tarar da shi a kan buzun nan da hantsi, buhun yana jingine a ƙofa. Na durƙusa na faɗa masa duka: kasuwar Tsafe, sabulun, jan zaren, kallabin. Ban ɗaga kai ba.

Ya ce, "Ke kinka sawo ta?" Na ce ni ce. Ya ce in rantse, na rantse. Ya sake duban hannunsa, ya juya shi gaba da baya.

Sai ya fashe, Inna. "Goɗiya! A kukumata! Ke wace irin ɗiya ce? Kin yi boko har kina koya wa ɗiyan mutane, ba ki san ingarma da goɗiya ba? Ana kiranki ki zauna kina gudu, ga shi nan!" Ya yi ta yi har maƙwabta suka leƙo. Ya tono laifina tun na ranar da na fasa masa ƙoƙo ina 'yar shekara bakwai. Ina durƙushe ina kuka, amma Allah Ya sani rabin kukan na daɗi ne, don rabon da in ji wannan muryar tun kina da rai. Da ya gaji ya ce a miƙo masa ruwa, ya ce kuma wa ya ajiye masa buhu a ƙofa kaza tana hawa.

Da ya huce ya yi tambayar da nake tsoro. Ya ce, "To ba ta bar komi ba ke nan?" Na ce babu, Baba, na duba kwallar har ƙasa. Ya gyaɗa kai, hawaye suka zubo masa. Ban taɓa ganin nasa ba, ko ranar da aka fita da ke. Na zauna kusa da shi har ya gama.

Ya ce akwai mai ingarma a Furfuri da kike aika wa, za mu je ni da shi kafin ruwa ya ja. Ya ce shi bai iya zaɓe ba, bai taɓa koya ba, sai dai in zauna da faifai in yi ta ja a leɓe har leɓen ya gane, ko zan yi wata guda. Ban san ko zan iya ba, Inna. Jiya na gwada da ragowar ta goɗiyar, ban ji bambancin komai ba, kuma gulbi ya fara nuna yashi ta gefen gabas. Amma na zauna har faifan ya ƙare.

Na roƙe shi gafara. Ya ce, "Ni na yahe. Saura wadda kinka ɓata wa suna tana kwance ba ta iya kare kanta. A gaban mutane kinka yi, a gaban mutane za ki gyara."

Ga ni, Inna. Kawu, na gode da ka rufa mini asiri, yau na buɗe da kaina. Goggo Hauwa, ki ji. Matan bakin rijiya, ku ji. Duk wanda ya tsaya a gaɓa ranar nan, ya ji. Idon uwata bai yi rauni ba, leɓenta bai taɓa kuskure ba. Tsagiyar da ta tsinke a tsakiyar gulbi ni Asabe na sayo ta, ni na ɗaure, ni na sa mata sunanta.

Innata, ki yafe mini. Kewarki ce ta yi mana yawa, ni kuma na yi gaggawa kamar kullum. Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya da ƙarfin yi mini faɗa. Ni kuma Ya ba ni haƙurin zaman da kika yi ta kira na in yi. Amin.

Wurinki a jirgi yana nan, Baba ya ce ko na iya zaɓen ba a nan zan zauna ba.

Wassalam.

Ɗiyarki mai neman gafara,
Asabe