A Dawo Mini da Ramar Inna

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tsaron Unguwarmu,
Sabon Gari, Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Alhaji, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Ina yi muku sannu da aiki, kuma har zuciyata nake faɗa: tun da kuka fara sintiri ban sake jin an haura katangar kowa a layinmu ba.

Ni ce Rakiya, wadda unguwa take kira Malama saboda shekarun da na yi ina koyarwa a firamare. Ka san ni, ka san marigayi maigidana, kana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Na yi ta zarya zuwa ofishinku, kullum sai a ce ka tafi Kaduna ko kana taro. Tunda a bainar jama'a aka tozarta ni, bari in yi bayanina a bainar jama'a.

Maganar ita ce bokitan shuka da yaranka suka kwashe daga ɗakina, waɗanda suke jere yanzu a bayan ofishinku, aka kuma yi shela cewa ranar Asabar za a ƙona su a gaban dattawa da sunan tabar wiwi. Alhaji, rama ce. Ramar da ake dafawa a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Ga yadda aka yi ta shiga ɗaki.

Na farko, asalin irin.

Mahaifiyata, da muke kira Inna, tana da wata rama da take shukawa a gefen gonarta a ƙauyenmu can bayan Shika. Ba irin mai faɗin ganye ba ce da ake tallanta a kasuwa. Karanta ja ne, ganyenta a tsattsage yake kamar yatsun hannu, tsaminta kuma ba ya kashe haƙori. Da ita aka yi mini kwaɗo a kowane jego nawa. Bayan rasuwar Inna na tarar da ɗan ƙullin irin a ƙasan adakarta. Na tambayi dangi kaf, babu wanda ya ajiye, kowa ya koma irin kasuwa. Wannan ƙullin shi ne abin da ya rage.

Na kai shi Samaru wurin Malam Yusha'u, abokin maigidana, wanda ya yi aikinsa har ya yi ritaya a gonar gwaji. Ya ɗebi kaɗan ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, 'yan ƙalilan ne suka tsaga. Ya ce mini irin ya tsufa, in na tsaya jiran damina zan shuka ƙasa ce kawai. Na dawo na shuka rabi a bokitai a tsakar gida. Gidan haya muke, kuma mai gidan yana da awaki. Wata safiya na fito na tarar sun yi karin kumallo da gadon uwata. Na zauna a bakin ƙofa na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Ragowar rabin na kai ɗakin da maigidana yake ajiye littattafansa. Taga ɗaya gare shi, ita ma katangar maƙwabta take kallo, rana ba ta leƙa shi. Ke nan dole in samar wa shukar ranar da babu.

Na biyu, fitilar nan mai ruwan shuni da ta tayar wa unguwa hankali.

Ban taɓa shuka komai a cikin ɗaki ba. Abin da na iya shi ne kiwon kaji, don haka na ɗauko ƙwan lantarkin da nake ɗumama 'yan tsaki da shi, na rataya shi dab da bokitan. A tunanina ƙaramin tsiro da ɗan tsako duk jarirai ne, ɗumi suke so. Ga bazara ta kama, ga kwano a sama babu silin kirki. Ba a jima ba bakin ganyen ya soye, ya nannaɗe, wasu suka kwanta ba su tashi ba. Ina ta ƙara ruwa, ina zaton ƙishi ne, ashe dafa su nake yi a tsaye.

Na ɗaga ƙwan ya koma can kusa da rufi. Zafi ya ragu, amma sai tsiron ya shiga miƙewa yana neman haske, siriri, fari fat, kamar wanda ya tashi daga doguwar jinya, iska kaɗan ta kayar da shi. Kusa ƙuna, nesa rama. Na rasa inda zan sa kaina.

Na hau keke mai ƙafa uku na tafi unguwar PZ, na bi shago shago har na faɗa wurin wani mai kayan lantarki da ake kira Oga Chidi. Da Hausarsa ta Sabon Gari ya ce, "Mama, wannan ƙwan naki wuta ne, ba haske ba." Ya ɗauko mini wata fitila mai faɗi wadda aka yi don shuka, haskenta shuni-shuni, ba ta zafi, ba ta kuma shan wuta, solar da ɗana ya sa mini tana ɗaukarta. Shagon yana nan, mutumin yana nan, a je a tambaye shi.

Sauran kuwa ni na gano da kaina, kuma ina alfahari da shi. Na koyi ɗora bayan hannuna a saman ganye: in na ji ɗumi ya dame ni, to shukar ma ya dame ta, sai in ɗaga fitilar. Na ɗaura ta da igiyar guga don in riƙa janta sama yayin da ramar take tsawo. Na sa fanka tana kaɗawa gefe, ba a kansu kai tsaye ba, don na lura iskar da ta dake su tana busar da ganye. Na jiƙa buhun algarara na rataya a ƙofa, na shigo da randa na ajiye a kusurwa. Na daina ban ruwa sai na tura yatsa na ji ƙasa ta sha iska. A tsakiyar zafin da mutane suke kwana a waje, ɗakin nan ya fi ɗakin kwanana sanyi, ramar kuma ta murmure, kara ya yi ja, ganye ya buɗe ya tsattsage. Ranar da na tsinki ganye ɗaya na tauna, na ji tsamin nan na gidanmu, sai da na yi sujjada.

Na uku, baƙin labulen da aka ce ɓoye laifi nake yi da shi.

Ramar ta kai ƙirjina, amma ko alamar huda babu. Ni kuwa ba ganye nake nema ba, iri nake nema. Na koma Samaru. Malam Yusha'u ya tambaye ni yaushe nake kashe fitilar, na ce ai ba na kashewa, tausayinsu nake ji. Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce in tuna lokacin da ramar Inna take fure a gona: sai ƙarshen damina, da dare ya fara tsawo. Shukar da ba ta ga duhu ba, a wurinta damina ba ta ƙare ba, ba za ta yi gaggawar haihuwa ba.

Na dawo na riƙa kashe fitila da la'asar, sai hantsi in kunna. Amma fitilar tsaron maƙwabta tana shigowa ta taga, don haka na ɗinka baƙin yadi na toshe. Wannan shi ne duk sirrin labulen. Bayan 'yan makonni huda ta fito a hammatar ganye, ƙanana, jere da juna har sama. Ni kaɗai na tsaya a ɗakin ina murmushi kamar wadda aka yi wa albishir da jika.

Na huɗu, ranar da aka zo.

Bayan azahar ne, matan gida suna tsakar gida. Ɗanlami, shugaban samarin sintirinku, ya shigo da mutanensa, sallama ma a tsaitsaye. Ya ce an kawo rahoton haske mai launi da taga a rufe. Na buɗe musu ɗakin da hannuna. Ya ciro waya, ya nemo hoton ganyen wiwi, irin wanda ake liƙawa a bayan keke, ya kara shi da ganyen ramata, ya juya ya ce wa abokansa an kama.

Ban ga laifinsu a kan kamannin ba, ganyen suna ɗan yanayi. Yaran nan a Sabon Gari aka haife su, rama a dafe suka san ta, a matse a cikin roba, an barbaɗa mata ƙuli. Ba su taɓa ganinta a tsaye da ƙafarta ba. Na ce su shafa karan su ji 'yar ƙayar da ke jikinsa. Na ce su shinshina. Na tsinko ganye na tauna a gabansu, na miƙa wa Ɗanlami. Ya ja da baya ya ce, "Haba Mama, so kike ki bugar da mu da rana tsaka?" Na ce a kira kowace tsohuwa a layin. Maman Ngozi, maƙwabciyata, ta ce ita kanta ta ci kwaɗon ganyen nan a hannuna. Aka ce mata ta yi shiru, ba a sa mata a harkar tsaro.

Abin da na ga laifinsa shi ne baro. Aka loda bokitan da fitilar a baro, aka bi da su ta babban titi alhali ga lungu, yara suna biye suna ihu. Wasu cikin iyayen yaran nan ni na koya musu riƙe fensir. Na yafa mayafina na bi bayan baron har ofishinku, kaina a sama, don ban ga abin sunkuyarwa ba. Amma na ji ciwo, Alhaji. Har yau in na shiga wurin biki sai hira ta tsaya.

Sunana ba ya cikin abin da nake roƙo. Na daɗe a unguwar nan, sunan zai wanke kansa. Shukar ce ba za ta iya jira ba. An ajiye ta a kan siminti, cikin tsakar rana, ita da ta girma a inuwa. Na zo da ruwa a jarka, mai gadi ya ce an hana taɓa kayan shaida. Ta ramin katanga nake leƙawa kullum, kuma fiye da rabi sun riga sun bushe. In sauran suka bi su, ko aka ƙona su ranar Asabar, irin Inna ya ƙare a duniya, kuma a hannuna ya ƙare.

Don haka ga buƙatuna.

A dakatar da ƙonawar. A matsar da bokitan ƙarƙashin bishiyar darbejiyar da ke harabarku yau ɗin nan, a bar ni in ba su ruwa, ko da mai gadi yana tsaye a kaina. A kira duk wanda kuka yarda da shi, daga Samaru ko daga hukuma, ko ma mahaifiyarka Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya, ta dubi ganyen. In aka ce wiwi ce, ni da kaina zan kawo ashana, in kuma miƙa hannuwana. In aka ce rama ce, a dawo mini da ita tare da fitilata, a cikin baron nan, ta titin nan. Kada a kori Ɗanlami, yaro ne mai ƙwazo, a dai koya masa tambaya kafin ɗauka.

Abu na ƙarshe. Yau da safe da na leƙa, na ga ɗaya daga cikin waɗanda suka rage ta buɗe fure. Ganyenta duk ya zube, kara ne kawai a tsaye, amma ga furen nan a jikinsa, faɗinsa ya kai tafin hannun yaro, fari mai ruwan ɗorawa, tsakiyarsa ja wur. Ba ruwa, ba inuwa, a bayan ofishin waɗanda za su ƙona ta. Na riƙe katangar na daɗe ban iya tafiya ba. Duk wanda ya taɓa wucewa ta gefen gona ya san wannan furen, kuma ya san wiwi ba ta yin sa.

Furen rama yini ɗaya yake yi, da safe ya buɗe, kafin la'asar ya rufe. Na ga wata hudar ta kumbura a samansa, gobe za ta buɗe in Allah ya kai mu. Ka zo ofis da hantsi, Alhaji, ka zagaya baya ka gani da idonka. Za ka same ni a bakin katanga da jarkata.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka da yaranka a bakin aikinku, ya sa ka gama da mutanen unguwa lafiya, ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu.

Wassalam.

Malama Rakiya,
Sabon Gari, Zariya.